Likkafanin Inna Kulu na Biyar

Ku da kunka riski Inna Kulu kun san ba ta amsa gaisuwa da baki sai ta fara amsawa da yatsa. Ka durƙusa ka ce, "Inna, ina kwana?" ita ko hannunta ya riga ya kai ga bakin rigarka, tana murzawa, kai a karkace kamar kaza ta ji motsin shaho. Yatsun nan kullum fari fat da allin kaɗi, shi ya sa duk wanda anka gani cikin Bodinga da tabon fari ga riga, an san gidan da ya kai gaisuwa. In saƙin gida ne sai ta ce, "Lahiya lau. Wanga hannun wance ta Horo Birni na, kuma ranar da ta kaɗa shi ranta a ɓace yake." In ko yadin kanti ne, sai ta saki kamar ta taɓa garwashi. "Allah sarki, maraya! Zanen da ba a san hannun da ya kaɗa shi ba, ba shi da uwa."

Ni ce Ige, jikanyarta, ɗiyar ɗanta Garba. Hannunta anka kai ni yaye, anka manta ba a karɓo ni ba, saboda haka ita ce kakar, ita ce uwar. Kuma kar ku dube ni yanzu da baki babu haƙori ku yi dariya. Zamanina in na fito dandali, makaɗi sai ya sake kiɗa. Ga tsawo, ga wuya, ga baki. Abu guda Allah ya hana ni, za mu zo gare shi, kar ku gaggauta ni.

Zamanin Turawa ne, lokacin da ake matsa ma mutane su shuka auduga su kai sikelin kamfani. Wata shekara wani Bature ya zo rangadi, ana zagayawa da shi cikin gari, ga tafinta, ga dogarai, ga babana cikin masu rakiya yana ta gyaran hula. Sai sunka biyo ta gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, inda Inna ke zaune da mazarinta. Tsohuwa dai ba ta da kulle. Bature ya tsaya yana kallon yadda zare ke fita daga auduga, tafinta ya ce, "Iya, Bature na gaishe ki."

Kun san abin da ya biyo baya. Hannu ya tashi. Ta kama bakin gajeren wandon mutumin nan ta murza, ta sake murzawa. Dogari ya daskare. Babana ya ce daga baya ya ji ƙasa na juyawa da shi.

Ta saki, ta girgiza kai. "Kai yaro, gaya mishi ya aiko da auduga in cika mishi zuwa idon sawu. Mutum da girmanshi, zare ya ƙare mishi ga gwiwa, kuma duk cikin ku babu mai tausayin ya hwaɗa mishi?"

Tafinta ya juya ya yi ta Turanci. Bature ya yi murmushi ya ɗaga hula. Daga baya munka ji cewa ya yi tsohuwa na yi mishi addu'ar tsawon rai.

To, abu guda Inna ta sa gaba a duniyar nan, ba gona ba, ba shanu ba: ranar da za ta bar ta, a naɗe ta cikin likkafanin da anka kaɗa da hannu, hannun da ta sani. Ba akoko ba, ba alawayyo ba, ba wani farin yadi da ya hawo jirgin ruwa ba. Ita ta shuka audugarta bayan gida, ta gurje angurya, ta shiɓe da baka, ta zauna damina biyu tana kaɗi. Likkafanin mace kun san yana cin zare. Da ya cika, ta hau jaki, ni ina kora, sai Shagari, wurin Malam Buba masaƙi. Bodinga akwai masaƙa, amma ita ta ce duk masu ƙulla tarko ne.

Da anka kawo shi, ta aje cikin adudu, duk wata sai ta fito da shi ya sha iska, kuma sai ta gwada. I, gwadawa! Ta shimfiɗa tsakar ɗaki, ta kwanta, ta ja ta rufe har kai.

"Ige, duba, ƙahwa ta hito?"

"Ba ta fito ba, Inna."

"Kin duba, ko kin ce?"

Rannan muna cikin haka babana ya yi sallama ya shigo. Ya ga uwarshi miƙe cikin fari, ni tsaye ga ƙafafunta. Bawan Allah ya zube yana salati, hula ta yi gefe. Sai murya ta fito daga cikin likkafani: "Ba yau ba, Garba. Ka ba jakin nan ruwa?"

Wanga likkafani bai shekara cikin adudu ba. Wata Bafillata mai tallar nono ta faɗi cikin kasuwar Bodinga, Allah ya karɓi abinshi, babu wanda ya san rugarsu. Maza na tsaye ana shawara, sai ga Inna ta ratso su da ƙunshi ga hammata, ta dangwara gaban liman, ta juyo. Tun daga kasuwa har gida tana mita. "Damina biyu! Damina biyu ina murza, baiwar Allah ta zo ta riga ni. Ko kindirmonta ban taɓa sha ba." Kafin la'asar ta ɗauko mazari ta sake sabon lale.

Na biyu Hajo ta tafi da shi, maƙwabciyarmu, wadda sunka shekara bakwai ba su gaisawa saboda akuyar Hajo ta cinye mata audugar da ta shiɓe. Ranar da Hajo ta rasu, ɗiyanta sun tashi aike kanti, Inna ta tura ni da ƙunshi. Na ce, "Inna, Hajo fa? Mai akuya?"

"Ke, ba don Hajo ba. Can za ta iske uwata da kakata, su taɓa su ji akoko, su ce ashe Kulu na raye anka yi wagga ɓarna cikin unguwa?"

Babana ya ga abin ba ya ƙarewa, ga tsohuwa na ta tsufa bisa mazari. Da ya kai albasa Sakkwato, sai ya shiga kanti ya yanko farin alawayyo mai kyau, ya zo ya durƙusa ya aje gabanta, ya ce, "Inna, ki huta hakanan." Ta sa mishi albarka har ya ji daɗi. Da safe ya fito, ya iske an yaga alawayyo an ɗaure ga bakin tukunya ana tace kamu.

"Ka gani, Garba, ya samu aikin da ya iya. Komi ka zuba mishi sai ya wuce."

Sai Turawa sunka shiga yaƙinsu, yadi ya ɓace daga kanti kamar an share. Masu yi ma Inna dariya sunka koma sallama ƙofar gida da murya ƙasa-ƙasa. Na uku ya tafi, na huɗu ya bi shi, kowanne da mitarshi. Har mutane sunka riƙa cewa in kana son ka san ko akwai mutuwa kusa, tambayi ko Inna Kulu ta karɓo saƙa daga Shagari.

Yanzu mun zo ga abin da Allah ya hana ni. Ni jikanyar Inna Kulu, wadda ta tashi da ƙarar mazari cikin kunne, ban iya kaɗi ba. Wallahi ban iya ba. Tun ina shekara bakwai take zaunar da ni, ta shafa mani alli, ta riƙe hannuna. Zarena wuri ya yi siriri kamar gashi, wuri ya kumbura kamar maciji ya haɗiye ƙwai. Na farko da na gama na kai mata ina taƙama, ta murza, ta ce, "Madalla, mun samu lagwani." Anka sa ga fitila, fitila ta ƙi ci. Na biyu ta ɗaure ɗan akuya da shi, ɗan akuya ya yi atishawa ya tafi abinshi. In baƙi sun zo sai ta nuna ni ta ce, "Ga Ige, duk abin da ya kamata ya sauka ga yatsunta ya tsaya ga harshe." Ni ko in murguɗa baki, in ce mai kyau ba ta kaɗi, kaɗa mata ake yi. Da anka yi mani aure Shagari, na bar mazarina cikin rufin ɗaki da gangan, na ce mun rabu har abada.

Shekara biyu da aurena anka aiko in zo gida. Na iske Inna zaune, adudu buɗe gabanta, babu komi ciki. Yanar tsufa ta rufe mata ido, hannu na rawa, ko ludayi ba ya tsayawa. Mazari na gefe ya yi ƙura. Ban taɓa ganin shi da ƙura ba.

Ta kama bakin zanena ta murza, ba ta ce komi a kai ba, nan na san abin ya yi nisa. Ta ce, "Ige, ke za ki kaɗa mani."

Na ce, "Ni? Inna, ni da fitila ta ƙi?"

"Ke. Ɗiya mace ban haihwa ba, ke ɗai gare ni. Ko kina so Garba ya naɗe ni cikin matacin kamu?"

Na ce to. Amma kun san ni da dabara, a ganina duk ƙasar Sakkwato babu mai wayona. Na koma Shagari na yi wata biyu ina barcina. Ranar kasuwar Bodinga na ciko kwando da albasar maigidana, na shiga rumfar masu zare, na zaɓi wanda ya fi kowanne kyau, siriri, sumul, munka yi musaya da wata mata. Kafin in shiga gida na tsaya bayan danga na shafe yatsuna da alli har wuyan hannu. Na shiga ina dafe da kafaɗa ina nishi.

"Wash! Inna, ga shi. Kafaɗar ga kamar ba tawa ba."

Ta karɓa. Ta ja zare ta murza. Ta kai kusa da hanci. Ta sake murzawa har na fara jin daɗi.

"Ige, da wane hannu kike cin tuwo?"

"Da dama mana."

"Har yanzu?"

"Har yanzu, Inna."

"To zaren ga bahaguwa ta murza shi. Murɗinshi baya yake komawa. Ta-Allah ta Kajiji, duk ƙasar ga ita ɗai ke wagga murza, tun tana budurwa na san hannunta." Ta miƙo mani. "Kuma ki gaya ma mijinki albasarshi ta yi kyau bana."

Jama'a, cikin masu zare sun fi ashirin ranar, sai da na zaɓo bahaguwa! Na tsaya da alli har wuyan hannu kamar wadda ta faɗa cikin gari. Da ƙasa ta tsage da na shige, in ja ta in rufe.

Ba ta yi faɗa ba, shi ya fi ciwo. Ta ce kawai, "Mazarinki na cikin rufin ɗaki inda kinka ɓoye shi."

Na roƙi maigida ya bar ni Bodinga. Na zauna gabanta tun daga kaka har bazara. Ba ta gani, amma tana jin juyin mazari cikin ƙoƙo. "Kin saki." "Kin matse." "Hankalinki ya tahi ga kiɗan can, maido shi." Yatsuna sunka yi kanta, sunka fashe, sunka sake yin kanta. Zare dai bai sake hali ba, macijin nan da ƙwanshi, sai dai yanzu ɗan akuya zai sha wuya kafin ya tsinke.

Wani abu kuma zan faɗa muku wanda ban taɓa faɗa ma kowa ba. Da na ga tulin zare ya kusa cika, sai tsoro ya kama ni. Na ce a raina, tsohuwar nan likkafani take jira, in ban gama ba ba ta tafiya. Sai na fara ja da baya. In juya mazari babu auduga don ta ji ƙara. Kwana uku ina haka.

Ran na huɗu ta ce, "Mazari mai zare da marar zare ba kukansu ɗaya ba."

Na fashe da kuka, na faɗa mata gaskiya. Ta lalubo kaina ta dungure shi.

"Wawuya. Mala'ikan mutuwa masaƙi na, da za shi jira zare ya cika? In ya zo ba ki gama ba, tahiya za ni yi, ke ki tsaya kina kallo su naɗe ni cikin maraya. Murza!"

Na murza.

Da ya cika na kai ma Malam Buba, shi ma lokacin ya tsufa ƙwarai. Ya ɗauki dunƙule guda, ya ja, ya tsinke. Ya ɗauki wani, ya ja, ya dube shi, ya dube ni. "Ɗiyata, wa kinka yi ma laihi anka sa ki wanga aiki?" Na faɗa mishi. Ya daina dariya. Ya ce zarena zai iya zama na kwance, wanda ake jefawa, amma na tsaye, wanda ke ɗauke da saƙa, sai mai ƙarfi, nawa ba ya kai ko kamu guda bai tsinke ba. Na zauna ƙasa nan gindin masaƙa na ɗora hannu ga kai. Wata shida!

Ya tashi ya shiga zaure, ya fito da wata tsohuwar jaka. Ashe duk zuwan da Inna ke yi sai zare ya yi saura, in ya ce ta ɗauka sai ta ce ya aje, ba ta hawan jaki da kaya sau biyu. Sauran likkafani huɗu ke nan, bai taɓa ko zare ɗaya ba. Da shi ya yi na tsaye.

Ranar da na kawo mata, na aje bisa cinyarta. Ta bi shi da yatsa a tsaye, ta bi shi a kwance. Ta daɗe.

"Tsaye nawa, kwance naki." Ta sake shafawa, ta tsaya ga wani ƙulli mai girman wake. "Kai, Ige! Ko cikin kabari na ji abu na sukata ga haƙarƙari, na san wa za ni tuna."

Ba a yi wata ba sai ga sallama. Wata dattijuwa ta rasu bayan kasuwa, danginta sun ji Inna ta karɓo saƙa, sun zo kamar yadda anka saba. Ni ina bakin murhu, kuma ku ji halin ɗan Adam: rabin zuciyata na cewa wayyo wata shidana, rabi na cewa Allah ya sa ta bayar, a binne abin kunyar nan can bayan kasuwa inda ba a san ni ba.

Inna ta ce, "Ku yi haƙuri. Wanga ba ya bayuwa."

Sunka yi tsaye, don ba su taɓa jin haka daga bakinta ba.

"Muni gare shi. In na ba ku, ku ce na raina mamaciyarku. Garba, tashi ka nemo musu wani cikin gari." Da sunka fita na ga ta jawo shi ta tura ƙarƙashin kanta. Daga ranar bai koma adudu ba, shi ne matashinta.

Bayan an yanke gero Inna ta cika, da hantsi, tana cikin yi mani faɗan na cika gishiri ga miya. Tsofaffin unguwa sunka zo wanka. Ina zaune bakin ƙofa na ji an warware likkafanin, sai wata ta ce ƙasa-ƙasa, "Ikon Allah. Kulu da ta suturta mutum huɗu da zare kamar ruwa, ita wanga ta samu? Wa ya kaɗa wanga abu?"

Ni da ko lagwanina ba na so a gani, ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ɗaga labule na ce, "Ni ce. Ni Ige. Akwai magana?"

 Babbarsu ta yafuto ni, ta kama hannuna ta ɗora ga gefe guda na likkafanin. Wurin ya yi laushi, duk ƙulle-ƙullen sun kwanta sun yi sumul, faɗin tafin hannu. Ta ce, "Wanga ba masaƙi ya yi shi ba. Shafar hannun Kulu ta." Nan na zauna ƙasa.

A cikinshi anka kai ta, da ƙwan macijin da komi.

Allah, ga baiwarka Kulu nan, ta rufe bayinka huɗu tana mita, ba ta taɓa bari an ga tsiraicin kowa ba. Ka rufe ta da rahamarka, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa ƙulle-ƙullena kar su dame ta. Mu kuma in tamu ta zo, Ka ba mu hannun da ya san mu. Amin.